Tambarin da ke Kafaɗar Baba Ndagi

Ina tsugune gaban wani babur a rumfata ta Kpakungu, hannuwana duk baƙin mai, sai Mamman direban motar Kuta ya tsaya a bakin titi, bai ko kashe inji ba. Ya leƙo ta taga ya ce, "Habu, Banufenka ya tafi. Bayan azahar za a kai shi." Na ce wane Banufen, alhali na sani. Ya ce, "Biyu gare ka?" Ya ja motarsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na daɗe riƙe da sifana ban san me zan yi da ita ba, har mai babur ɗin ya zare ta daga hannuna ya ce in tashi in je in wanke jikina.

Baba Ndagi mutumin Bida ne, sana'arsa bandar kifi. Ranar kasuwar Kuta yakan je ya saro, ya zo ya kasa a bakin hanya, ɗan nesa kaɗan da rumfata. Ya isa ya haife ni. Amma ni kakana Bakatsine ne, aikin jirgin ƙasa ya kawo shi Minna, kuma kowa ya san abin da ke tsakanin Katsinawa da Nufawa. Wasa ne da muka tarar, babu babba babu yaro a cikinsa, kowa na kiran ɗan'uwansa bawa, kuma wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Baƙon da bai san wannan ba, in ya ji mu da safe, zai rantse maƙiya ne. Gaisuwarsa gare ni kullum ita ce, "Bakatsine, wa ya kwance ka?" Ni kuma in ce, "Bawana, ka share ƙofar ubangidanka kuwa?"

Ba zan yi wa mamaci ƙarya ba don a ji daɗi a zaman makoki. Bakinsa yana da zafi, kuma ba ni kaɗai yake ƙonawa ba. In ya ga gurgu sai ya tambaye shi ina gudun. Amma bai taɓa sayar wa mutum kifi mai tsutsa ba. Gaban mai saye yake karya shi biyu ya nuna cikin, in ya ga ya soma lalacewa ya jefa wa mage, ko da cinikin ranar bai yi ba. In ya lura ban ci komai ba tun safe, sai ya wurgo mini kan tarwaɗa kamar yana wurga wa kare, ya ce, "Ci. Ba don kai ba, don kada ka mutu a ƙofata a ce ni ne." Wata rana na samu busasshen ƙadangare na cusa cikin kwandonsa, ina jira in ga yadda zai yi gaban masu saye. Ya ci gaba da cinikinsa kamar bai gani ba. Washegari matarsa Nna Hawa ta aiko mini da tuwo da miyar kifi mai daɗi, na cinye na suɗe kwano. Sai da na wanke hannu ya ɗago murya daga can ya ce, "Yaya ka ji ɗan'uwanka a miya?" Har yau ban san ko da gaske ya sa ba, kuma yanzu babu wanda zan tambaya.

Tari ya kama mu a shekara guda. Ni na soma ramewa ina zufa ina ɓoyewa, shi ma ashe haka. Ranar da aka tura ni sashen masu tarin fuka a asibiti, ina shiga rumfar kwano da ake jira a ciki, sai ga shi zaune kan benci da gwangwanin tofa kaki a hannu. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Har nan ka biyo ni, bawana? To riƙe mini gwangwanin."

A lokacin maganin wannan ciwo ya yi wuyar samu, sai a rubuta maka ka je kemis ka ji farashi ka dawo gida ka ci gaba da tarinka. To sai ga wani likita, matashi mai sanyin magana, ya tara mu ya ce akwai gwajin da suke yi. Sista Ladi, nas ɗin sashen, ita ke ƙara mana bayani inda Hausarsa ta gaza. Ya ce duk wanda ya yarda ya shiga za a ba shi ƙwayoyin maganin tarin kyauta har wata takwas, kuma waɗannan ƙwayoyin su ne maganin da aka sani, su ke warkarwa. Ban da su akwai wata sabuwar allura, sau ɗaya tak, a kafaɗa. Ita ba ta kashe ciwon da kanta, jiki take tasa ya yi faɗa da ciwon. Ba a tabbatar tana da amfani ba, shi ya sa ake gwaji. Rabinmu za a yi wa ita, rabi kuma ruwan gishiri ne kawai, wanda ba ya cutarwa ba ya ƙarawa. Ƙuri'a ce za ta raba, kwalaben duk iri ɗaya ne, shi kansa bai san wanne ne wanne ba.

Baba Ndagi ya ɗaga hannu ya ce, "Likita, kai ne ka zuba, kai ne ba ka sani ba? Ko kai ma Bakatsine ne?"

Aka yi dariya har da masu tarin da dariya ke ba su wuya. Likita ya yi murmushi ya ce ba shi ya zuba ba, kuma da gangan aka ɓoye masa, don kada ya fi kula da wasu a kan wasu. Ya maimaita, na ji da kunnena, kuma zan faɗa ko a gaban wa: ko me aka yi maka a kafaɗa, ka shanye ƙwayoyinka har ƙarshe. Muka dangwala yatsa. Aka yi mana allurar, aka manna wa kowa filasta babba, aka ce kada wanda ya ɓare, kada wanda ya nuna wa wani.

A nan dabararsu ta tsaya. Sun ɓoye wa likita, sun ɓoye wa Sista, sun ɗauka ɗan filasta zai ɓoye wa maza cike da rumfa, waɗanda ba su da aikin yi tun safe har rana ta take sai kallon juna. Bayan 'yan kwanaki wurin ya soma yi wa wasu ƙaiƙayi. Baba Ndagi ya ɓare nasa a tsakiyar rumfa, sai ga ƙurji ja ya taso kamar ƙwallon goruba ƙarami, bakinsa na ruwa. Na kusa da shi ya ɓare nasa, fata sumul, ko alamar tsinin allura babu. Kafin a kira mutum na farko kowa ya tuɓe kafaɗa. Ba sai malami ya fassara ba. Ni tawa sumul take.

Daga ranar rumfar ta rabu biyu, kuma Baba Ndagi ne ya raɗa sunayen. Su ne masu tambari, mu ne 'yan ruwa. Masu tambari suka kama bencin da ke inuwa, mu aka bar mana wanda rana ke duka. Yana zuwa zai naɗe hannun riga har wuya, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana gaisarwa. "Sannunku, miyar da aka manta ba a sa wa nama ba. Yaya gishiri? Ya ji ko a ƙara?" Ni yakan ce mini tun daga sama aka san darajar Bakatsine, ƙuri'a ma ta gane ni. Wani lokaci ya auna tsawona da taku ya ce yana so ya san yadin likkafanin da za a saya, kada a yi asara. Ina ramawa, sana'ata ce, amma a karon farko a rayuwata ramuwar ba ta da ƙarfi, domin cikina ya yarda da shi. Ina komawa gida in duba kafaɗar a madubin babur, ko wani abu zai taso daga baya. Tsoro ya sa ban taɓa tsallake ƙwaya ko ɗaya ba. In na haɗiye sai in buɗe baki in taɓa harshe, in tabbatar ta wuce.

Da abin ya ishe ni na nemi ƙwallon kashu ɗanye, na gasa shi har man ya fito, na ɗiga a kafaɗa. Duk yaron da ya taɓa wasa da shi ya san yadda yake cin fata. Na kwana biyu ina cije haƙori, ya taso ya yi ruwa, kyakkyawa. Ranar asibiti na shiga rumfa ina taƙama, na wuce kai tsaye bencin inuwa na ce a matsa wa manya, nawa jinkiri ya yi. Har an fara matsawa. Baba Ndagi ya taso ya duba, ya sunkuya ya shinshina kamar yana sayen kifi, ya ce, "Jama'a, a wace kafaɗa aka yi muku allura?" Suka ce hagu. Ya ɗaga hannuna na dama sama ya ce, "To ga wanda aka yi wa a hagu ta ɓullo a dama." Ni da madubi na yi aikin, madubi ya juya ni. Har Sista Ladi sai da ta dafa bango don dariya, kafin ta wanke mini wurin da abin da ya fi kashun zafi, tana cewa in na sake za ta sa a kore ni.

Wannan tsakanina da shi ne, kuma halal ne a wasanmu. Abin da ba halal ba shi ne Baba Jatau. Dattijo ne manomin doya daga Beji, Bagware, ba mai yawan magana ba, Hausarsa kaɗan ce, kuma babu wasa tsakaninsa da kowa a wurin. Tasa kafaɗar ma sumul. Ya fi kowa ramewa, wuyansa kamar na zakaran da aka fige. Baba Ndagi ya sa shi gaba. Yakan ce masa, "Baba, daga Beji ka taso don ruwa? Rafinku ya ƙafe ne?" Wata rana dattijon na tari har ya durƙusa, Baba Ndagi ya ce da ƙarfi, "Ku ba shi wuri, gishirin ne ke fitowa. Baba, ka raba gonar tun kana gani, kada yara su yi faɗa." Bencin inuwa ya fashe da dariya. Baba Jatau ya miƙe a hankali, ya ɗauki sandarsa da hularsa, ya ajiye gwangwanin a kan benci kamar kayan aro da yake mayarwa, ya fita. Ba a kira sunansa ba tukuna. Bai sake zuwa ba.

Baba Ndagi bai nuna ya damu ba. A lokacin jikinsa ya yi kyau, tari ya tsaya, kumatu sun ciko, ya koma zuwa Kuta, muryarsa na kaiwa ƙarshen layi. Gaskiya ni ma na samu sauƙi daidai da shi, haka yawancin 'yan ruwa, amma ba wanda ya lura da wannan, mu kanmu ba mu lura ba. Mu muna ganin jinkiri aka yi mana, su suna ganin an gama da su. Ƙurjinsa ya bushe ya bar tabo mai sheƙi, yana shafa masa man kaɗanya.

An kai lokacin da sau ɗaya a wata muke zuwa, a hau sikeli, a tofa kaki, a ba kowa ƙunshin ƙwayoyinsa a hannunsa. Ba a ba wani ya kai wa wani. Wata ranar karɓa, muna fitowa, ya ce, "Bawana, ɗauko jakinka ka kai ubangidanka Beji." Na ɗauka kifi zai kai. Muka hau babur, muka yi tambaya har gidan Baba Jatau. Muka same shi kwance kan tabarma a gindin mangwaro, ya zama ƙashi. Baba Ndagi bai yi sallama mai tsawo ba, bai ce yi haƙuri ba. Ya zaro ƙunshinsa daga aljihu ya jefa kan tabarmar ya ce, "Tsohon banza, har yanzu ba ka mutu ba? Ga shi. Kullum da safe kafin ka ci doyarka. Na wancan watan ya ƙare?" Dattijon ya gyaɗa kai. A nan na gane ba yau aka fara ba.

A hanyar dawowa na tsayar da babur a gefen titi na kashe. Na ce, "Baba Ndagi." Ban taɓa kiransa haka a gabansa ba.

Ya ce, "Mai ya ƙare? Na san Bakatsine ba zai cika tanki ba."

Na ce, "Kai me kake sha?"

Ya naɗe hannun riga ya manna mini tabon a fuska. "Wannan."

"Likita ya ce har wata takwas, ko me aka yi maka."

"Don ku ya faɗa, kada ku yi kuka. Ka ji ina tari? Dube ni, dube ka."

Na ce ai maganin Baba Jatau na can asibiti yana jiransa kyauta, abin da ake bukata kawai ya koma. Ya ce ya gaya masa, tsohon ya ce ko gawarsa kada a bi da ita ta gaban rumfar nan. Na ce to ka tsaya a rumfar, gaban waɗanda suka yi dariya, ka ce ka yi kuskure, mu ɗauko shi tare. Ya kalli daji. Sannan ya ce, "Ni Ndagi in tsaya gaban 'yan ruwa in ce na tuba? Ya sha nawa. Ni an riga an biya ni a kafaɗa." Ya fi masa sauƙi ya ba da numfashinsa da ya ba da haƙuri, kuma ko a lokacin bai san numfashin yake bayarwa ba.

Na yi ta binsa wata guda. Na bi ta wasa, na ce in ya mutu wa zan gada, bawa ba ya barin komai. Na bi ta Nna Hawa, ta ce in ta yi magana sai ya nuna mata kafaɗa. Na tsoratar da shi da ayoyin da na sani a kan wanda ya jefa kansa ga halaka, ya ce allon nawa ma a Bida aka sassaƙa shi. Da na ji ya soma gyaran murya irin wanda na sani, na je na sami Sista Ladi na gaya mata komai. Na roƙe ta ta kira shi gefe.

Ba ta kira shi gefe ba. Ranta ya ɓaci ƙwarai, kuma ina ganin tsoro ne ya fi yawa a ciki. Ranar karɓa ta fito bakin rumfa da ƙunshinsa a hannu ta kira sunansa, ta ce ya buɗe baki ya sha a gabanta kamar yaro, tunda ya mai da kansa likita. Ta ce wannan tabon da yake yawo da shi fata ce kawai ta ji an taɓa ta, ba a ce huhu ya warke ba. Ta ce kakinsa na wannan karon bai yi kyau ba. Duk a gaban mutane.

Sai bencin rana ya samu ranarsa. Mutanen da ya yi wata da watanni yana auna musu likkafani suka miƙe. Wani ya ce, "Sarkin tambari, a ɗebo maka ruwa ka kora?" Wani ya ce a matsa masa a rana, ya fara sabawa da zafi. Wani tela ya zo yana auna shi da taku, yana kwaikwayon tafiyarsa, aka yi ta tafi. Mutanen nan duk marasa lafiya ne, dariya na sarƙe su da tari, suna tofarwa suna ci gaba. Na sha ganin mugunta a tasha da kasuwa, ban taɓa ganin mai daɗi a bakin masu yinta kamar ta ranar ba.  Baba Ndagi ya sauke hannun rigarsa ya rufe kafaɗar. Ya nemo ni da ido har ya same ni a bakin ƙofa, ya dube ni, ya wuce ta gabana ya fita. Ƙunshin na hannun Sista.

Asibiti sun aika mota Beji, suka ba Baba Jatau wata rana dabam da ba kowa a rumfa, ya koma kan maganinsa. Sun aika wa Baba Ndagi har gida, ba sau ɗaya ba, likitan da kansa ya zo Kpakungu ya tsaya gaban kwandon kifi. Ya karɓe shi da mutunci, ya ba shi kifi kyauta, ya ce ya gode, lafiyarsa ƙalau.

Washegarin abin da ya faru a rumfar asibiti na wuce ta gabansa na ce, "Bawana, ka share ƙofar?" Ya ɗago ya ce, "Ina kwana, Malam Habu. An tashi lafiya? Yaya aiki?" Na tsaya kamar an mare ni. Na ce wane ne Malam. Ya ce, "Madalla. A gaida mutanen gida." Wanda ba a cikin wasan nan ya tashi ba ba zai gane ba. Zagi shi ne zumuncin, ladabi shi ne yankewa. Na yi duk abin da na iya. Na ɓoye masa takalmi a masallaci, ya taka ƙasa har gida bai tambaya ba. Na ɗaure wa magensa gwangwani a wutsiya, ya kwance ya ajiye mini gwangwanin a ƙofar rumfa. Na zagi Bida da duk wanda ya taɓa shan ruwanta, ya ce Allah ya ba da haƙuri. Kullum da safe zai gaishe ni kamar limami, har na gama watannina takwas aka sallame ni.

Bayan damina tarinsa ya zo da jini. Nna Hawa da ƙannensa suka ɗauke shi ba da sonsa ba, aka kwantar da shi. Aka mayar da shi kan ƙwayoyin, aka ƙara da wasu, jiki bai amsa kamar da ba. Likita ya ce ciwon in an fara dukansa aka bari, yakan dawo ya san dukan.

Na tare shi a baranda na ce, "Likita, don Allah, allurar nan tana aiki ko ba ta yi?" Ya ce bai sani ba, ba kuma wanda ya sani tukuna, sai an gama an kwatanta. Na ce to me ya sa aka yi wa wasu ruwa, da an yi wa kowa ita ai da babu bencin rana. Ya ce da an yi haka, kowa zai samu sauƙi saboda ƙwayoyi, a ce allura ce, a yi ta yi wa mutane abin da wataƙila ba ya komai. Na ce to da kun zuba wa ruwan abin da zai sa shi ma ya kumbura. Ya ce sun yi tunanin haka. Amma ciwo ne za ka ji wa mutum a banza, kuma duk abin da ya isa ya tasa ƙurji ya isa ya tasa jiki, sai ya zama ba ruwa ba ne kuma, kwatancen ya lalace. Sannan ya ce, "In kuma kowa ya ga tambari a kafaɗarsa, Habu, mutum nawa kake jin za su shanye ƙwayoyinsu?"  Amma bai ce filastansu ya isa ba. Ya murje ido ya koma ciki.

Ganina da Baba Ndagi na ƙarshe ranar wata Laraba ne da hantsi. Nna Hawa na yi masa fifita. Ya koma kamar yadda muka sami Baba Jatau a gindin mangwaro, riga ta yi masa yawa, idanu sun faɗa. Na zauna bakin gado. Na shirya maganganu tun daga gida, mafi muni da na taɓa haɗawa, don na san in akwai abin da zai tashe shi su ne. Na ce, "Bawana, haka za ka gudu ba ka fanshi kanka ba? Na zo in ga ko haƙoranka za su sayu. Kai ko a lahira Bakatsine za a ba ka ka yi wa dako." Nna Hawa ta rufe baki da mayafi, ban san dariya ko kuka ba. Na ga leɓensa ya motsa. Wallahi na ga amsar ta taso masa, na san yadda gefen bakinsa ke yi in ya samo mai zafi. Na matso da kunnena, ina roƙon Allah ya sa ta fi kowacce ciwo.

Ya ja numfashi, ya haɗiye ta. Ya ce, "Na gode da zuwa, Malam Habu. Allah ya ba da lada."

Ya juya fuska bango. Da ladabin nan ya tafi, bai sauke mini shi ba.

Ya Allah, ga bawanka Ndagi ya zo maka, kai ka fi mu sanin abin da ke bakinsa da abin da ke hannunsa. Ka auna masa da hannun. Ka gafarta masa abin da harshensa ya yanka, ka sa waɗanda ya yanka su yafe, ka yafe wa waɗanda suka rama a ranar da ba shi da ƙarfi. Ka sa jinyar da ya sha ta zama kankarar zunubi, ka yalwata kabarinsa, ka sanyaya masa makwanci, ka ba shi numfashin da ba ya yankewa a gidan Aljanna. Ka ba Nna Hawa haƙuri da juriya, ka raya 'ya'yansa, ka tsare ƙirjinsu daga abin da ya ɗauke ubansu, ka buɗa musu ƙofar abinci ta inda ba su zata ba. Waɗanda har yanzu ke zaune a rumfar nan, na inuwa da na rana, ka ba su lafiya da haƙurin kai maganinsu ƙarshe. Mu da muka rage, in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.